Yadda Ake Zaɓar Keken Ƙarfe Na Kan Kwalta Da Daidaita Shi Don Doguwar Tafiya

Keken da ya yi maka daɗi a zagayen minti goma sha biyar ba lallai ne ya yi maka daɗi bayan awa biyar a kan sirdi ba. Mai taka feda sau 85 a minti ɗaya yana lanƙwasa kowace gwiwa fiye da sau 5,000 a awa guda, saboda haka kuskuren rabin santimita a tsayin sirdi, wanda da farko ko lura ba za a yi da shi ba, shi ne yake rikiɗewa ya zama ciwon da zai sauke mutum daga keke kafin ya kai inda ya nufa. Masu doguwar tafiya sun daɗe da gane haka. A Faransa akwai tafiyar da ake yi daga Paris zuwa Brest a dawo, wadda aka fara a 1891, mai tsawon kimanin kilomita 1,200, kuma a yau galibin masu shigarta awa 90 ake ba su su kammala. Wanda zai yi irin wannan zama a kan keke, dacewar keken da jikinsa ta fi masa raguwar nauyin rabin kilo amfani nesa ba kusa ba.

Aikin yana da tsari, kuma tsarin ne mutane suka fi karyawa. Ana fara zaɓar firam ɗin da ya yi daidai da jiki, sannan a tsayar da sirdi, sai a zo kan abin riƙo, a ƙare da taya da giya, wato farantan haƙoran da sarƙa take bi. Wanda ya fara daga hannu kafin ya gama da sirdi zai yi aikin sau biyu.

Sanin ƙarfen kansa

Ba kowane keken ƙarfe ne ya cancanci wahalar daidaitawa ba. Akwai ƙarfe gama-gari da ake yin kekuna masu araha da shi, wanda dole a yi bututunsa da kauri don kada ya karye, shi ya sa keken yake fitowa da nauyi, ba ya kuma amsa wa ƙafa. Akwai kuma ƙarfen da aka gauraya da kiromiyam da molibdenam, wanda ake wa lamba 4130, mai ƙarfin da ya isa a sirance bangon bututun ba tare da ya rasa juriya ba. Wani abu da ya kamata a fahimta shi ne, kusan dukkan nau'o'in ƙarfen nan taurinsu wajen lanƙwasuwa ɗaya ne. Bambancinsu yana ga yawan nauyin da za su ɗauka kafin su lalace. Ƙarfe mai kyau yana ba maƙeri damar yin bututu mai siririn bango, kuma sirantakar nan ce take kawo sauƙin nauyi da ɗan sassaucin da mahaya suke yabawa.

Dabarar da ta fi muhimmanci ita ce yin bututun da bakunansa biyu suka fi tsakiyarsa kauri, domin a bakin ne ake walda kuma a nan nauyi yake taruwa. Kamfanin Reynolds na birnin Birmingham a Ingila ne ya yi rajistar wannan dabara a 1897, kuma bututunsa mai lamba 531, da ya fito a 1935, ya shafe shekaru masu yawa yana kan gaba a kekunan tsere da na tafiya. Daga baya aka fitar da 853 a 1995. A Italiya akwai Columbus, a Japan akwai Tange. Bututu irin wannan yakan kasance da kaurin milimita 0.9 a baki, 0.6 a tsakiya, 0.9 a ɗaya bakin. Yawanci za ka ga tambarin mai bututun manne a jikin bututun da sandar sirdi take shiga. Idan tambarin ya goge, dubi kaurin sandar sirdin: firam mai kyau yakan karɓi sanda mai milimita 27.2 ko kusa da haka, alhali mai kaurin bango yakan karɓi wadda ta fi haka siranta sosai, tun da bangon ya cinye ramin.

Ni dai a ganina, ana yi wa ƙarfe yabon da ya wuce kima idan aka ce shi kaɗai ne yake shanye gargadar hanya. Taya ce take yin mafi yawan wannan aiki. Abin da ya sa nake fifita ƙarfe don doguwar tafiya shi ne, yakan nuna alama kafin ya karye, ana iya miƙe shi idan ya ɗan karkace, ana iya yi masa walda, kuma masu ƙera shi sun saba barin sarari don faffaɗar taya da madigadi da kariyar ɗaukar kaya.

Idan keken na hannu ne, kada kyan fenti ya ɗauke maka hankali. Durƙusa a gaban keken ka sa yatsa a ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga gaban keken zuwa feda, daidai bayan mahaɗarsa da bututun gaba, wato gajeren bututun da ke ƙarƙashin abin riƙo, ka shafa a hankali. Idan ka ji wani ɗan tudu kamar jijiya, ko ka ga fenti ya tsattsage a zagaye a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba, kuma barinsa shi ne alheri. Dubi fok, wato ƙafafu biyun da suke riƙe da tayar gaba, daga gefe, ka tabbata sashensa na sama yana kan layi ɗaya da bututun gaba, bai koma baya ba. Sannan ka ɗaura zare a inda tayar baya take zama ta gefe ɗaya, ka zagayo da shi ta gaban bututun gaba, ka dawo da shi ɗaya gefen, ka auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama. Idan bambancin ya wuce milimita 2 ko 3, firam ɗin ya karkace. Abu na ƙarshe, ka kwance notin sandar sirdi da na wuya, wato ƙarfen da ya haɗa abin riƙo da fok, ka ga ko suna motsi. Sandar alminiyam da ta shekara da shekaru a cikin bututun ƙarfe babu giris takan manne kamar an yi mata walda, kuma keken da sirdinsa ba ya hawa ba ya sauka ba shi da sauran maganar daidaitawa. Tsatsar da ke saman fenti ba abin tsoro ba ce, wadda ta huda ko ta kumbura fenti a kusa da cibiyar feda, inda hannayen feda biyu suke juyawa a jikin firam, ita ce abin gudu.

Girman firam

Cire takalmi ka tsaya ka jingina baya da bango, ƙafafu a ɗan buɗe. Ɗauki littafi mai tauri ka sa shi tsakanin cinyoyi, ka tura shi sama har ya danne matsematsi kamar yadda sirdi zai danna, gefensa kuma ya kwanta a jikin bango. Wani ya yi alama da fensir a saman littafin, a auna daga ƙasa zuwa alamar. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici, domin wannan lamba ce tushen duk lissafin da zai biyo baya. Mu ce an sami santimita 82.

A keken ƙarfe na asali, mai bututun sama a miƙe, ana ninka wannan lamba da 0.65 a sami tsawon bututun sirdi daga tsakiyar cibiyar feda zuwa tsakiyar bututun sama. Mai santimita 82 zai sami kimanin 53. Wasu kamfanoni suna aunawa har zuwa ƙarshen bututun, wanda yake ƙara santimita ɗaya da wani abu, don haka ka riƙe tef ɗinka ka auna da kanka maimakon dogara da lambar da aka rubuta. Idan ka faɗa tsakanin girma biyu, don doguwar tafiya na fi son babban, matuƙar za ka iya tsayawa keken na tsakanin ƙafafunka ka sami tazarar santimita 2 ko 3, saboda babban firam yana zuwa da dogon bututun gaba, wanda yake sauƙaƙa ɗaga abin riƙo. Sai dai a lura da tsawon bututun sama, domin tsayin sirdi ana iya gyara shi sosai, amma nisan hannu gyaransa kaɗan ne.

Siffar firam ma tana da tasiri. Keken tsere yana da gajerun ƙafafun baya, kimanin milimita 405 zuwa 410 daga cibiyar feda zuwa tsakiyar tayar baya, abin da ke sa shi saurin juyawa da rashin natsuwa. Na tafiya yakan kai 430 zuwa 450, yana tafiya a miƙe ko da mahayi ya gaji, kuma diddige ba ya bugun jaka idan an rataya ta a baya.

Sirdi, inda ya kamata a fi daɗewa

Fara da daidaita shi a kwance. Ajiye keken a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ɗora katako a kan sirdi ka duba da ma'aunin ruwa irin na magina. Sirdin da ya sunkuya gaba yana zamar da mutum, hannuwa su yi ta tokare jiki har su mutu. Wanda ya ɗaga hanci kuma yana danne matsematsi. Idan za a kauce wa kwanciyar, kada a wuce digiri ɗaya ko biyu.

Tsayi yana da lissafin da ya shahara ta hannun Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren Tour de France sau uku: a ninka tsawon ƙafa da 0.883, a auna daga tsakiyar cibiyar feda zuwa saman sirdi, ana bin layin bututun sirdi. Mai santimita 82 zai sami 72.4. Wannan mafari ne kawai, domin lissafin bai san kaurin takalminka ba, bai san tsawon hannun fedarka ba, wanda yakan kasance milimita 165 zuwa 175, bai kuma san yadda jijiyoyin bayan cinyarka suke miƙewa ba. Don tabbatarwa, hau keken kana dafe da bango, ka ɗora diddige a kan feda, ka juya baya a hankali. A can ƙasa ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata don ya kai ba. Idan ka mayar da tudun tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta sami lanƙwasa ta kimanin digiri 25 zuwa 35, kuma ita ake nema.

A nan na taɓa yin kuskuren da ya koya mini haƙuri. Na ɗaga sirdina da santimita ɗaya cif a dare ɗaya, don na ji an ce tsayi yana ƙara ƙarfi, washegari na fita tafiya mai nisa. Awa biyun farko na ji kamar an sake ni. A ta uku sai wani zare na ciwo ya fara jan bayan gwiwata ta dama duk lokacin da feda ta kai ƙasa, kuma da na dawo na ga wandona ya goge a gefe ɗaya, alamar ƙuguna yana ta rangaji a kan sirdi ban sani ba. Mako biyu na yi ban hau keke ba. Tun daga ranar ba na matsar da sirdi fiye da milimita 3 zuwa 5 a lokaci guda, kuma nakan naɗa ɗan tef a jikin sandar a inda take kafin in taɓa ta, don in san inda zan koma.

Jiki yana faɗin inda kuskuren yake. Ciwo a gaban gwiwa, wajen ƙoƙonta, yakan nuna sirdi ya yi ƙasa ko ya matso gaba da yawa. Ciwo a bayan gwiwa da rangajin ƙugu suna nuna ya yi sama. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan an gyara kuwa na likita ne.

Sai matsar da shi gaba ko baya. Tsohuwar hanya ita ce a juya feda har hannayenta su kwanta daidai da ƙasa, a sako zare mai noti a ƙarshensa daga gaban gwiwa, a ga ko ya faɗo daidai tsakiyar feda. Ya isa mafari, amma gwajin da na fi yarda da shi shi ne na kan hanya: kana tafiya da matsakaicin ƙarfi a wuri mai aminci, ka sassauta riƙo har hannuwa su kusa barin abin riƙo. Idan ka iya riƙe gangar jikinka na ɗan lokaci ba ka kifa gaba ba, nauyinka ya zauna daidai. Idan ka ji za ka faɗa gaba, mayar da sirdi baya kaɗan. Ka tuna cewa mayar da shi baya da santimita ɗaya yana nesanta shi da feda da kimanin milimita 3, don haka sai a sauke shi da gwargwadon haka. Kada kuma a taɓa matso da sirdi gaba don kawai hannu ya kai abin riƙo. Wannan aikin wuyan keke ne.

Game da irin sirdin, laushi yaudara ne. Sirdi mai taushin soso yana nutsar da ƙasusuwan zama, sai naman da ke tsakaninsu ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Abin nema shi ne faɗin da zai tallafi ƙasusuwan biyu. Zauna a kan kwali mai kauri da aka ɗora a benci, ka ɗan sunkuya gaba, ka tashi ka auna tsakanin ramuka biyun da suka fito, ka ƙara kimanin santimita 2. Sirdin fata irin Brooks B17 yana da tauri da farko, amma a hankali yana ɗaukar siffar mai shi, sai dai ba ya son ruwa kuma ba kowa yake yi wa daidai ba.

Abin riƙo da wuya

Keken kwalta yana da abin riƙo mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, kuma amfaninsa a doguwar tafiya shi ne yana ba hannu wuraren zama da dama: sama, kan kafaɗun birki (robar da ta rufe saman hannun birki), da ƙasan lanƙwasar. Faɗinsa ya yi daidai da faɗin kafaɗunka, yawanci santimita 38 zuwa 44. Tsayinsa kuwa, fara da shi daidai da sirdi ko ƙasa da shi da santimita 2 zuwa 3. 'Yan tsere suna sauke nasu sosai don yanka iska, amma wanda zai wuni a hanya yana bukatar ya iya kallon gaba ba tare da ya karya wuya ba. Alamar an dace ita ce, hannu na kan kafaɗun birki, baya ya sunkuya kimanin digiri 45, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, kafaɗu a sake. Idan ba ka taɓa iya sauka ƙasan lanƙwasar ka yi minti goma a can ba, abin riƙon ya yi ƙasa ko ya yi nisa.

Tsofaffin kekunan ƙarfe suna da wuya mai shiga cikin fok, mai kaurin milimita 22.2, kuma ɗaga shi abu ne mai sauƙi. Kwance dogon notin sama zagaye uku ko huɗu, ka ɗora katako a kansa ka buga sau ɗaya don ƙullin da ke ƙasa ya saki, ka ɗaga, ka daidaita da tayar gaba, ka ɗaure. A jikinsa akwai layin da aka zana wanda bai kamata ya fito waje ba ko kaɗan, domin wuyan da aka ɗaga fiye da layin yana iya karyewa ana cikin tafiya. Sababbin kekuna wuyansu yana kama fok ne daga waje, ana sauya tsayinsa ta hanyar jera zobba a ƙasa ko a sama, ko a kifa wuyan ya kalli sama. A irin wannan, notin murfin sama ake fara ɗaurewa kaɗan har girgiza ta ɓace, sannan a ɗaure na gefe. A gwada ta hanyar kama birkin gaba a tura keken gaba da baya. Idan an ji ƙwas-ƙwas, boris bai zauna ba.

Nisa ana gyara shi da sauya wuya, kuma tsawon milimita 80 zuwa 110 shi ne inda tuƙi yake zama lafiya. Kafin saye a auna kaurin tsakiyar abin riƙo, domin akwai mai milimita 25.4, da 26.0, da 31.8, kuma ba a tilasta ɗaya cikin ɗaya. Kafaɗun birki a ɗaura su yadda za su miƙe da saman abin riƙo kamar shimfiɗa ɗaya, wuyan hannu ya zauna a miƙe. Mutuwar ƙaramin yatsa da na kusa da shi tana zuwa ne daga danne jijiyar da ta bi ta gefen tafin hannu, kuma kafin a nemi safar hannu mai kauri, a sake duba kwanciyar sirdi da tsayin abin riƙo.

Ƙafa kuwa, tudun da ke bayan babban yatsa ya zauna a kan tsakiyar feda ko ya ɗan wuce ta gaba kaɗan. Mai kwance feda ya tuna cewa zaren ɗaurin ta hagu a juye yake, wato ana kwance ta ne ta ɓangaren da aka saba ɗaure noti.

Taya da giya

Idan kuɗin gyara ɗaya kawai gare ka, sa shi a taya. Sa mafi faɗin da firam zai karɓa, milimita 28 zuwa 35, tare da barin sararin milimita 4 ko 5 a kowane gefe. Sau da yawa birki ne yake hana faɗi: gajeren birki mai kaiwa milimita 39 zuwa 49 daga notinsa zuwa gefen wili da wuya ya bar fiye da taya 28, alhali mai kaiwa 47 zuwa 57 yakan karɓi 32. A duba lambar da ke jikin taya kafin saye, domin wili mai suna 700C faɗin da'irarsa milimita 622 ne, na inci 27 da ke kan tsofaffin kekuna kuma 630, kuma tayar ɗaya ba ta hawa ɗayan.

Yawan iska ba shi ne sauri ba. Tayar da aka cika ta yi tauri kamar dutse tana tsalle a kan kowace tsakuwa, girgizar ta ƙare a hannu da baya. Mutum mai kilo 75 zai iya farawa da kimanin 75 a ma'aunin psi na jikin famfo idan tayar 28 ce, ko kimanin 60 idan 32 ce, ta gaba ta ɗan gaza ta baya, sannan ya rage ko ya ƙara har ya sami inda hanya ta yi laushi amma wili ba ya dukan ƙasa a rami. Wili mai waya 32 ko 36 ya fi dacewa, domin ko ɗaya ta tsinke za a iya lallaɓawa a isa.

Tsofaffin kekunan tsere sukan zo da faranti mai haƙora 52 da 42 a gaba, da ƙananan haƙora a baya, kuma wannan giya tana kashe gwiwa a hawa idan gajiya ta zo. Faranti 50 da 34, ko 46 da 30, tare da na baya mai kaiwa haƙora 32 ko 34, yana ba ƙafa damar ci gaba da juyawa sau 80 zuwa 90 a minti ko a kan tudu. Tsakanin ƙafafun baya na tsohon firam yakan kasance milimita 120 ko 126, sababbin wili masu birkin gefe kuma suna bukatar 130. Firam ɗin ƙarfe ana iya buɗa shi ya karɓa, abin da ba a yi wa alminiyam, amma aikin gwani ne, don dole a buɗa ɓangarorin biyu daidai wa daida.

Bayan an gama, a zare sandar sirdi da wuya a shafa musu giris, a fesa man hana tsatsa a cikin bututun, a tabbata ƙananan ramukan fitar ruwa ba su toshe ba. Sannan a fita gwaji na awa ɗaya da alanki a aljihu, a ƙara zuwa awa biyu, sai uku, ana sauya abu ɗaya tak tsakanin fita da fita, domin wanda ya taɓa sirdi da wuya a rana ɗaya ba zai san wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba. Ranar da ka yi awa huɗu ka sauka babu inda yake maka zogi, ɗauki tef ka rubuta lambobi huɗu a takarda: tsayin sirdi daga cibiyar feda, nisan hancin sirdi a bayan layin da ya miƙe sama daga cibiyar, nisan hancin sirdi zuwa tsakiyar abin riƙo, da bambancin tsayi tsakanin sirdi da abin riƙo. Da waɗannan lambobi za ka mayar da keken yadda yake duk lokacin da aka kwance shi, kuma da su za ka auna kowane firam da za ka saya nan gaba tun kafin ka hau shi.